Kurakuran da aka fi yi wajen matse kwanson harsashin magnum

A Amurka da Afirka ta Kudu, inda doka ta ba maharba damar sake cika harsashi a gida, ba a zubar da kwanson tagulla bayan harbi. Ana tsince shi, a wanke, a matse shi ya koma girmansa, sannan a sake cika shi. Kwanson magnum, wato harsashi mai ƙarfi fiye da na yau da kullum, yana da tsada, kuma a wajen matsewar nan ne yawanci ake rage masa kwana.

Babban kuskuren yana da tarihi. Kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da .375 H&H a 1912, da wata ɗamara a gindin kwanson. Kafaɗar kwanson, wato inda jikinsa ke tsukewa zuwa wuya, a kwance take, ba za ta iya tsayar da shi daidai a cikin ɗakin harsashi, ramin da yake zama a bindiga, ba, don haka ɗamarar ce ke tokare shi. Daga baya 7mm Remington Magnum na 1962 da .300 Winchester Magnum na 1963 suka gaji ɗamarar, alhali kafaɗunsu sun isa su yi aikin. Tunda ɗamara ce ma'auni, masu ƙera bindiga sukan bar sarari a gaban kafaɗa. Harbin farko kwanson yana miƙewa ya cike sararin. Sai mai matsewa ya bi takardar da ta zo da mamatsin, wato ƙarfen da ake tura kwanso a cikinsa don a matse shi, ya murɗa shi har ya taɓa mariƙin da ke riƙe gindin kwanso, ya tura kafaɗar baya gaba ɗaya. A harbi na gaba ta sake miƙewa. Tagullar da ke tafiya gaba daga bangon da ke saman ɗamara take fitowa, wurin yana ta sirancewa, har wata rana gindin ya tsinke, sauran kwanson ya maƙale a cikin bindiga, iskar gas mai zafi ta dawo wajen fuskar mai harbi.

Maganin shi ne ka manta da ɗamarar bayan harbin farko. Ka cire maƙyastin gindi, wato ɗan abin da ke kunna albarushi, ka auna kwanson da aka harba daga gindi zuwa kafaɗa, sannan ka riƙa sauko da mamatsin kaɗan-kaɗan har kafaɗar ta koma baya da inci 0.002, wato kusan milimita 0.05. Ga bindigar farauta da ke shan ƙura, 0.003 ma ba laifi. A lura, zagaye ɗaya na mamatsi inci 0.071 ne, saboda haka ko kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ya zarce abin da ake nema nesa ba kusa ba. Masu son sauƙi sukan sayi mariƙan kamfanin Redding da ke bambanta da juna da 0.002. Kafin kowace matsewa kuma, ka lanƙwasa bakin siririyar waya ka shafa cikin kwanson. In ta ji rami a saman ɗamara, ko ka ga zobe mai sheƙi a waje, wannan kwanso ya gama aiki.

Wasu, don gudun tsinkewar gindi, sai su koma matse wuya kaɗai. A filin gwajin saiti abin yana tafiya na ɗan lokaci, amma bayan harbi kaɗan sakatar bindiga, ƙarfen da ke kulle harsashi a ɗakinsa, takan fara tauri wajen rufewa. Wanda ke fuskantar ɓauna a Tanzaniya ko Zimbabuwe ba ya buƙatar sakata mai gardama. A ganina harsashin farauta a matse masa jiki duka, a daidaita kafaɗa kawai.

Akwai kuma kumburin da ke fitowa dab da ɗamara, inda mamatsin yau da kullum ba ya kaiwa sosai. Mutum ya ga kwanso ya ƙi shiga, sai ya zaci kafaɗa ce, ya ƙara tura ta baya, ya haɗa matsala biyu. Shafa baƙar tawadar alƙalami a jikin kwanson ka gwada shi a bindiga. Inda tawadar ta goge, nan ne yake kamawa. Ana sayar da mamatsi na musamman don wannan wurin, wanda wani mai suna Larry Willis ya ƙera.

Sai batun mai. Kwanson magnum yana da faɗin jiki, in ba a shafa masa mai ba zai kafe a cikin mamatsi, bakin gindinsa ya yage, sai an huda shi an jawo da kusa mai zare. In kuma man ya yi yawa ya taru a kafaɗa, ya lotsa ta. Shafa kaɗan a jiki, ka bar kafaɗa a bushe, ka ɗan taɓa cikin wuya domin ƙwallon cikin mamatsi da ke buɗe wuyan kada ya jawo kafaɗar gaba yayin fitowa. Bayan an gama a goge man tas, domin kwanso mai santsi ba ya kama bangon ɗakin harsashi, ƙarfin sai ya faɗa kan sakata.

Matsewa tana ƙara wa kwanso tsawo, shi ya sa ake awo bayanta, ba kafinta ba. Iyakar tsawon .300 Winchester Magnum inci 2.620 ne, ana datse shi zuwa 2.610. In ya wuce iyaka, bakinsa yakan shiga maƙogwaron bindiga ya danne harsashi, matsin wuta ya haura, alhali iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi ta Amurka, ta sa masa ma fam 64,000 ce a kan kowane murabba'in inci (psi). Tagulla kuma tana taurara da yawan matsewa, har kafaɗa ta riƙa dawowa bayan an tura ta, wuya ya fara tsagewa. Ana gasa wuya da kafaɗa don su yi laushi, amma zafin kada ya kusanci gindi. Gindin da ya yi laushi ba shi da gyara, sai kwandon shara.