Shawara ga wanda ya sauya tayoyin run-flat da na gargajiya

'Yan uwa masu mota, duk wanda ya cire tayoyin run-flat ya sanya na gargajiya, ya kamata ya tuna cewa ya rabu da wata kariya, domin waɗancan tayoyin suna iya ci gaba da tafiya kimanin kilomita 80 bayan sun yi faci, muddin gudun bai wuce kilomita 80 a awa ba. Taya ta gargajiya kuwa, da zarar iskarta ta fita, dole ne a tsaya nan take.

Matsalar ita ce, motoci da yawa da ke zuwa da run-flat, kamar wasu ƙirar BMW da Mini, ba su da safaya, ba su da jak, ba su kuma da sifanar kwance noti. A buɗe but a duba tun kafin buƙata ta taso.

A ganina, safaya ce ta fi komai muhimmanci, ko da siririyar nan ce ta wucin gadi, amma a tabbatar ramukan notinta sun dace da motar, kuma ba ta gogar birki. A gwada ɗaura ta sau ɗaya a gida. Ƙaramin famfon iska mai aiki da batirin mota shi ma yana da amfani. Ruwan toshe faci kuwa, ƙaramin hujin ƙusa kawai yake toshewa, ba ya taimakawa idan gefen taya ne ya yage, kuma yana da ranar ƙarewar aiki.