Kafin ka fara manna katakon jikin jirgi

Jama'a, ga shawara ga mai haɗa ƙaramin jirgin ruwa na katako irin wanda ake saya a kwali, musamman samfurin Cutty Sark, jirgin da aka ƙera a Sikotland a 1869. Kada ka yi gaggawar manna siraran katakon jikinsa.

Fara goge haƙarƙarin jirgin, wato katakan ciki da ake manna na jikin a kansu, da samfefa har katako ya kwanta a kansu lumui, ba tudu ba rami. Fenti ba ya ɓoye wannan kuskuren.

Sai ka jiƙa katakon a ruwan ɗumi kamar minti 20, ka lanƙwasa shi a jikin jirgin, ka kafe shi da fil, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka sa gam. In ka manna shi da danshi, yana bushewa zai tsuke. Ni na taɓa yin haka, da safe na tarar da tsaga a gefen hagu, sai da na ɓamɓare layi huɗu, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ka riƙa sa ɗaya dama, ɗaya hagu, kada ƙashin bayan jirgin ya murɗe. Wajen goshin jirgin kuwa, fere bakin kowane katako, saboda wurin ya fi matsi.