Yadda ake raba motsin ƙasa da tasirin shuka a awon radar

Kwarin San Joaquin da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ya daɗe yana nutsewa saboda yawan ruwan da manoma ke zuƙowa daga ƙarƙashin ƙasa, har wani wuri kusa da garin Mendota ya sauka da kusan mita 9 tsakanin 1925 da 1977. A yau ana bibiyar wannan nutsewa da radar na tauraron ɗan'adam ta hanyar da ake kira InSAR, wato a ɗauki hoton wuri ɗaya a lokuta biyu, a kwatanta tafiyar da igiyar radar ta yi zuwa da dawowa, bambancin kuma ya nuna ko ƙasa ta sauka ko ta tashi. Sai dai yawancin kwarin gonaki ne na auduga da inabi da almon, kuma shuka tana shiga cikin awon.

Kafin a taɓa lissafi, a fara sanin irin radar da aka yi amfani da shi. Igiyar radar ta tauraron Sentinel-1 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2014, tsawonta santimita 5.6 ne kacal, saboda haka ganye da kara suke mayar da ita tun ba ta kai ƙasa ba. Tauraron yana komawa kan wuri ɗaya bayan kwana 12, kuma a cikin wannan tsakani masara tana iya ƙara tsayi sosai, ko a yi huɗa, ko a girbe gonar gaba ɗaya. Idan an sami hotunan tauraron ALOS-2 na Japan ko na tauraron NISAR, wanda Amurka da Indiya suka harba a 2025, a fifita su a kan gonaki, domin igiyarsu mai kimanin santimita 24 ta fi ratsa ganye.

Bayan haka a duba ma'aunin jituwar hotunan biyu, wato yadda suka yi kama da juna, wanda ke tsakanin 0 da 1, a zubar da duk wurin da ya yi ƙasa sosai. Wannan aiki ne mai sauƙi, tunda hoton da ya lalace yana nuna kansa.

Abin da ya fi haɗari shi ne kuskuren da ba ya nuna kansa. Yayin da shuka ke girma tana tara ruwa a jikinta, ƙasa kuma tana jiƙa tana bushewa da ban-ruwa, igiyar radar tana ɗan jinkiri ko ta dawo daga wani zurfi dabam, sai lissafi ya karanta wannan a matsayin motsin ƙasa. A hoto guda kuskuren bai taka kara ya karya ba, amma wanda ya dogara da tagwayen hotuna masu tazarar kwana 6 ko 12 kaɗai, yana jera su ɗaya bayan ɗaya, zai tarar ya taru ya zama nutsewar ƙarya, kuma jituwar hotunan tana da kyau, wanda shi ne ke yaudarar mutum. Maganinsa shi ne a gwada hotuna uku: motsin da aka auna daga na farko zuwa na biyu, haɗe da na biyu zuwa na uku, ya kamata ya yi daidai da wanda aka auna kai tsaye daga na farko zuwa na uku. Inda aka sami rara mai karkata gefe ɗaya a kai a kai, akwai hannun shuka ko danshi. Sannan a cusa tagwaye masu doguwar tazara cikin lissafin, musamman daga bayan girbin bana zuwa bayan girbin baɗi, lokacin da gonar take fili a duka hotunan.

Siffar abin ma shaida ce. Nutsewar da zuƙar ruwa ke haddasawa tana yaɗuwa ne kamar kwano mai faɗin kilomitoci, ba ruwanta da iyakar gona. Idan kuwa motsin ya tsaya cak a bakin gonar wani, ko ya zo daidai da lokacin shuka da girbi kamar yadda hotunan wani tauraron mai suna Sentinel-2 ke nuna koren ganye, to a yi shakkarsa. A kwatanta sakamakon da abubuwan da ba sa tsiro, irin su rufin gidaje da gadoji da bangon magudanar ruwa, da kuma tashar GPS mafi kusa da awon zurfin ruwan rijiyoyin burtsatse na yankin, kafin a miƙa wa hukumar ruwa wani adadi.