Yadda za ka bi sawun 'yan jagoran da suka kawo Turawa Sakkwato

In kana son binciken tahiyar Turawan farko da suka shigo Sakkwato, kada ka fara da Baturen, fara da wanda ya nuna mai hanya. Shi baƙo ina ya san rijiyar da ke da ruwa da rani, ko zangon da ayari zai kwana lahiya? Wanga ilimi na madugu ne da jagaba.

Da farko zana hanyar a takarda. Clapperton, Baturen Birtaniya wanda aka riƙa kira Abdullahi, ya taso daga Tarabulus ya ratso Sahara ya biyo Borno da Kano, ya iso nan a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne ya kula da masaukinsa. Zuwansa na biyu ta Badagiri da ke bakin teku kusa da Legas ya shigo, a nan Sakkwato ajali ya same shi a 1827. Barth kuwa, Bajamushe da aka riƙa kira Abdulkarim, a 1853 ya zo lokacin Aliyu Babba.

To yanzu sai aikin gaske, kana karanta labarin tahiyarsu kana riƙe da biro, duk inda ka ga an ce tafinta ko bara ko mai raƙumi ko 'yan rakiya ka ja layi, don nan mutanenmu suke ɓoye, wani ma ko sunansa ba a rubuta ba sai dai a ce "wani mutum ya kai mu rijiya". Waɗanda aka ambata ka riƙe su da kyau. Akwai Abubakar Bagobiri da Turawa ke ce ma Pascoe, shi ya yi ma Clapperton tafinta a tahiya ta biyu. Akwai Dorugu, yaro Bahaushe daga wajen Damagaram, ya bi Barth har Tumbuktu daga baya har Ingila. Kai ko taswirar kogin Kwara da Clapperton ya tahi da ita gida ai a fadar Bello aka zana mai ita, amma dubi wa ake yaba ma gano hanya.

Daga nan ka leƙa gidan tarihi na Waziri Junaidu ka nemi ma'aikata su nuna maka abin da ke akwai, sannan unguwar Giɗaɗawa, sannan Wurno inda kabarin Bello yake. Kada ka tahi kai kaɗai kamar ɗan leƙen asiri, samu ɗan unguwa ya gabatar da kai wurin dattawa, ka duƙa ka gaishe su, goro ma bai ɓaci ba, kuma kada ka kunna rikoda a waya sai ka nemi izini.

Dajin Gundumi na gabas da Sakkwato da ayari ke tsoro saboda ƙishirwa da mahara, shi kam ka bar shi a kan takarda, yanzu ma 'yan bindiga ne a ciki. Tambayi tsohin direbobi da mahauta masu zuwa cin kasuwa can gabas, su za su gaya maka garuruwan da ke bakinsa.