Famfo a Legas: ka san inda ruwan ya fito kafin ka biya kuɗin haya

Famfo kalma ce da muka aro daga Turanci, daga "pump", wato injin da ke tunkuɗo ruwa. Bakin Bahaushe ya mayar da "p" ta zama "f", kamar yadda ya yi a fenti da fasinja, ya ƙara wasali a ƙarshe. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, ta haɗa bututun da kan da ake murɗawa, har da abin hura tayar keke. A Kano idan aka ce ruwan famfo, kowa ya san ruwan gwamnati ake nufi, na Challawa ko Tamburawa, wanda aka tace aka sa masa magani. Wannan fahimtar ce ke yaudarar sabon zuwa a Legas.

Garin nan ya daɗe da sanin famfo. Tun 1915 Gwamna Lugga ya buɗe matatar ruwa ta Iju, wadda ke jan ruwa daga kogin Ogun, daga baya aka gina ta Adiyan. Amma jama'a sun yi wa bututun gwamnati yawa nesa ba kusa ba. Yawancin gidajen haya a Agege da Idi-Araba da Mile 12 rijiya ko burtsatse suke da ita a tsakar gida. Inji ne ke tura ruwan zuwa tankin da ke sama, sannan ya gangaro kan famfo. In babu wuta, kuma babu wanda ya sayi man janareta, sai ka murɗa ka ji iska kawai.

Saboda haka, ɗan'uwa, ranar da ejan, wato dillalin gida, ya kai ka ganin ɗaki, kada ganin famfo a bango ya ishe ka. Buɗe shi da hannunka. Tara ruwan a farar roba, ka shinshina, ka ajiye shi yayin da kuke ciniki, sannan ka duba gindin robar. A ɓangaren Lekki da Ajah ruwan ƙasa yakan zo da gishiri-gishiri ko ja-ja na ƙarfe. Wanki biyu ya isa ya dafar maka da farar shadda. Malamanmu na Malikiyya sun ce ruwan da ƙasar da yake kwance a cikinta ta canja masa launi bai hana alwala ba, amma sha wani zance ne daban.

Ka tambayi maƙwabta, ba mai gida kaɗai ba: sau nawa ake tura ruwa a mako, wa ke biyan kuɗin mai, yaushe aka wanke tanki. Abin da ya fi damuna shi ne tazarar rijiya da ramin masai. Filaye a nan ƙanana ne, sau da yawa za ka tarar taku kaɗan ne tsakaninsu, kuma da damina ƙasa na cika da ruwa. A watan Yunin 2024 kwalara ta ɓarke a Legas, ta ci rayuka. Mai yara ƙanana ya tafasa ruwan sha. In na leda za ka saya, duba lambar NAFDAC a jikinsa.

Ranar da famfo ya ƙafe, 'yan'uwanmu ne za su cece ka. Masu tura kura cike da jarkoki yawancinsu 'yan Arewa ne da 'yan Nijar, har Yarabawa ma "mai ruwa" suke kiran su. Ka riƙe mutum ɗaya, ka san wurin da yake ɗibowa, ka biya shi a kan lokaci, domin aikin nan na karya ƙugu.

Wajen gyara kuma ka lura da bakinka. In ka ce wa mai gyara "pump" ya lalace, wajen inji zai nufa. Kan famfo a nan "tap" ake ce masa, Yarabawa kuma su ce "ero", ruwansa "omi ero". In yana ɗiga, galibi 'yar robar ciki ce ta cinye, kuma a kowane shagon kayan famfo za ka same ta da araha.