Bayan haɗarin mota a Sakkwato: yadda ake neman diyyar rauni

Da yawa daga cikin waɗanda mota ta kaɗe suna rasa haƙƙinsu ne tun a kwanakin farko, kafin ma a yi maganar kotu. An ture motar daga titi ba a ɗauki hoto ba, an wuce da mara lafiya gidan mai ɗori, dangin direba sun zo da goro da ban haƙuri an ce an yafe. Wata biyu bayan nan ƙafa ta ƙi warkewa, likita ya ce sai an yi tiyata, babu kuma takarda ko guda da za a nuna.

Ceton rai shi ne farko. A kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ko 112. Idan ana zaton wuya ko ƙashin baya ya taɓu, kada a ciccibi mutum a cusa shi a Keke Napep. A nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ko babban asibiti mafi kusa in a hanyar Illela ko Tambuwal abin ya faru. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, kuma wanda ya ƙi yana iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida.

Wani daga cikin 'yan uwa ya tsaya wurin da wayarsa. Ya ɗauki hoton lambar motar, inda kowane abin hawa ya tsaya, sawun burki a kwalta, da gilashin da ya tarwatse, domin wurin da ya zuba kan nuna hannun da aka yi karon. Ya karɓi suna da lambar wayar mutum biyu ko uku da suka gani da idonsu. Mai shayi ko mai faci da ke bakin titin ya fi fasinja amfani, tunda gobe ma nan za a same shi. Sai a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, sashensu na kula da zirga-zirga ya zana taswirar wurin, jami'in VIO ya duba burki da taya da fitilun motar. Kada kowa ya sa hannu a taswira ko bayanin da ba a karanta masa da Hausa ba.

Zancen mai ɗori yana buƙatar a tsaya a kansa. Ko iyali sun yanke shawarar zuwa can, a fara ɗaukar hoton ƙashi a asibiti, a buɗe kati, a nemi rahoton likita mai kwanan wata da hatimi. Kotu da kamfanin inshora da wannan rahoton suke aiki. Kowace rasit a adana ta: magani, jini, gado, kuɗin mota zuwa asibiti. Kuɗin da aka kashe sai an tabbatar da shi ɗaya bayan ɗaya, abin da ba shi da rasit yakan faɗi. Raɗaɗi da naƙasa kuwa alƙali ne ke ƙiyasta su bisa bayanin likita. Ɗan kabu-kabu ko ɗan kasuwa da ba shi da takardar albashi ya nemi shugabannin ƙungiyarsa su shaida abin da yake samu a rana.

Wa zai biya? Direban da ya yi ganganci, da kuma mai motar idan direban a bakin aikinsa yake. Ga kuma inshorar dole, wadda aka yi ta musamman domin wanda aka yi wa ɓarna. Tun 1 ga Janairun 2023 kuɗinta naira 15,000 ne a shekara ga motar gida, tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Kuɗin ta Keke Napep naira 5,000 ne, ta babur 3,000. Tana ɗaukar rauni da rasa rai na wanda aka kaɗe, amma ba ta gyara motar mai laifin. Abin takaici, takardun bogi sun yi yawa a tashoshi. A danna *565*11# a saka lambar motar don a ga ko inshorar ta gaske ce. In ta gaske ce, a sanar da kamfanin a rubuce cikin kwanakin farko, a haɗa rahoton 'yan sanda da na likita. Kamfanin da ya yi ta jan ƙafa ana kai ƙararsa hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM.

Laifin tuƙi daban, neman diyya daban. Tuƙin ganganci a dokar FRSC ta 2007 yana jawo tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara biyu, in ya kai ga rasa rai ɗaurin yana iya kaiwa shekara bakwai. Tarar aljihun gwamnati take shiga, mai rauni sai ya nemi nasa. Shi ma direba ya sani cewa guduwa tana ƙara masa laifi. In yana tsoron taron jama'a, ya wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda ya miƙa kansa. Tarar FRSC ta banki ake biyanta, ba a hannun jami'i ba.

Musulmi suna da damar kai maganar kotun shari'a. A mazhabar Malikiyya diyyar kisan kuskure raƙumi 100 ce ko dinari 1,000 na zinariya, wato kilo huɗu da kwata. Ido ɗaya ko hannu ɗaya rabin diyya ne, yatsa ɗaya kashi ɗaya cikin goma. Magada na iya yafewa, sai dai babba ba ya yafe rabon maraya ƙarami, kuma yafewar ba ta sauke wa direba kaffarar azumin wata biyu a jere da aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ambata.

Sulhu alheri ne, amma a yi shi bayan likita ya faɗi iyakar raunin. A rubuta adadin kuɗi, ranakun biya, da wanda zai ɗauki nauyin tiyatar da ka iya tasowa, shaidu su sa hannu, in da hali a kai kotu ta tabbatar da shi. Wanda ya hau babur ba hular kwano ko ya yi tuƙi a hannun da ba nasa ba, ya san cewa babbar kotu na iya rage masa diyya gwargwadon sakacinsa.

Jinkiri ma yana kashe ƙara. Idan motar gwamnati ce kuma direban yana bakin aiki, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Legal Aid Council da ke Sakkwato, domin neman diyyar haɗari yana cikin shari'o'in da suke tsayawa a kai kyauta. Ya tafi da rahoton 'yan sanda, rahoton likita, rasit, da lambobin shaidu.