Kurakuran da samarinmu ke yi in za su zaga Jos da Yankari da mota

Duk ƙarshen shekara sai wani yaro ya same ni a majalisarmu ta Tudun Wadan Zariya ya ce, "Yaya, za mu zaga Jos da Yankari da mota, me za mu riƙe?" In zauna in zayyana masa, ya tafi, ya dawo da irin labarin da na gabansa ya dawo da shi. Bakina ya gaji. Ga shi a rubuce, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Babban abin da ke kayar da ku shi ne lissafin lokaci da taswirar waya. Daga Zariya zuwa Jos ta Maigana, Soba, Dutsen Wai, Pambeguwa da Saminaka kusan kilomita 240 ne, sai yaro ya raba da gudun motarsa ya ce ai ko ƙarfe goma ya tashi ya isa da rana tsaka. Wayar ba ta san ramuka ba, ba ta san tirelar masara da za ka bi a baya ba ka da halin wucewa ba, balle ranar kasuwa da 'yan talla suka cinye rabin kwalta, ga shingayen jami'an tsaro, ga salla. Uwa uba, ba ta san ku ba, ku da kowane dutse kuka hango sai kun tsaya hoto.

Ni ma ba a kan wani na koya ba. Wata shekara cikin hunturu na kira mahaifin wani abokin karatuna da ke wani gari tsakanin Jos da Bauchi, na ce, "Baba, muna nan tafe ni da abokina, za mu kwana." Ya ce, "Allah Ya kawo ku lafiya, ɗana." Kafin ranar tafiya mun zama mu shida a mota biyu, har da matan mutum biyu daga cikinmu, ban kuma sake kiransa ba. Muka bar Ƙofar Doka da hantsi. Muka tsaya shan rake, muka tsaya a duwatsun Dutsen Wai, muka sake tsayawa bayan Saminaka inda ƙasa ta fara hawa, ga hazo ya lulluɓe tsaunuka, abin gwanin sha'awa, ba wanda ke son komawa mota. Magariba ta riske mu ba mu shiga Jos ba, taya kuma ta yi faci. Sai wajen sha ɗayan dare muka yi sallama a ƙofar gidan mutumin nan.

Kaza ɗaya aka yanka, ta mutum biyu, ta daɗe da hucewa. Aka tashi uwargida ta sake ɗora tukunya a cikin sanyin nan. Aka kwashe samarin gidan daga shagonsu aka ba mu, matan aka shigar da su ciki. Da asuba na fito alwala na tarar da dattijon kwance a zaure bisa tabarma, ya rufa da babbar rigarsa, domin bargunan gidan duk suna kanmu. Ashe jiya tun la'asar yake zaune a waje yana duban hanya, wayata kuma ba sabis. Bai ce mini komai ba sai "Kun sha hanya." Da ma zagina ya yi.

Saboda haka ku ji da kyau. Mai masauki ba otal ba ne. In ka ce ku biyu ne, ku zo ku biyu. In an ƙaru, ka kira tun ana saura kwana uku, ka faɗi adadi, ka faɗi ko da mata, domin gidan Bahaushe ko Bafulatani wurin kwanan mace daban ne, sai an shirya. Ba zai ce maka kada ku zo ba, kunya ba za ta bar shi ba, shi ya sa nauyin yake kanka. Wai har akwai masu cewa sun fi son su yi masa ba-zata. Ba-zatar me? Mutumin da ke auna hatsinsa da mudu za ka dira wa da ƙarti biyar?

Ni dai yanzu dokata ɗaya: la'asar ta same ni a garin da zan kwana. Daga masallacin asuba sai mota, kuma wurin tsayawa kallo biyu kacal na yarda da shi a wuni, sauran sai a dawowa. Wasu abokaina na cewa na cika tsauri, wai daɗin tafiyar ke nan a tsaya inda rai ya so. Su suka sani. A Disamba ƙarfe shida da 'yan mintuna rana ta faɗi, kuma ba wanda ke buƙatar in gaya masa halin da hanyoyinmu ke ciki da dare a 'yan shekarun nan. Kafin in tashi ma sai na leƙa tasha na tambayi direbobin haya da suka shigo jiya, su ne suka san inda ya gyaru da inda ya lalace.

Sai maganar hannu. Kada ka je gidan mutane hannu rabbana, kada kuma ka zaro kuɗi a gaban jama'a ka miƙa wa maigida kamar mai biyan kuɗin ɗaki, cin fuska ne. Ni mazarƙwaila nake saya, da sukari da ganyen shayi da sabulu, in miƙa a shigar cikin gida tun isowa. Ranar tafiya in damƙa wa yara abin da ya sawwaƙa, in ba uwargida nata ta hannun ɗanta in ce a sayi goro. Kwana biyu ya isa, baƙo raɓa ne. Abin da aka kawo maka kuma ka ci. Na taɓa ganin yaron da aka ajiye wa tuwon masara da miyar kuka ya tashi ya ɗauko taliyar leda daga but. Ban sake tafiya da shi ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna ɓata rai. Safaya ba iska, ko jak babu, wannan kullum ne. Kai wa mai faci ya duba tun a gida. Cika tanki a Zariya, ka ƙara a Jos, kada ka dogara da 'yan bumburutu. Riƙe tsabar kuɗi, don akwai ƙauyen da tiransifa ba ta tafiya. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, wanda ya je da 'yar shara a hunturu zai yi bayani. Ranar Juma'a ka lissafa da cewa sahu kan fito har kan titi a garuruwan hanya. Kada ka ɗauki hoton matan Fulani masu tallar nono ba ka tambaya ba, haka shingen sojoji, wannan ko da wasa. Silifas ba takalmin hawan dutse ba ne; mai musu ya gwada a Kufena da ke nan bayan gari, wanda na san yawancinku ba ku taɓa hawa ba.

Yankari kuma ba a bakin Bauchi take ba kamar yadda kuke zato. Sai ka ɗauki hanyar Gombe, ka karya a Dindima, ka isa ƙofar Mainamaji, sannan ka sake tafiya mai nisa cikin daji kafin sansanin Wikki, jimilla sama da kilomita 100. Ruwan ɗumin da ke ɓulɓulowa a Wikki yana nan a kan digiri 31 dare da rana, ba inda za shi, amma birai na nan su ma, kuma sun iya buɗe leda fiye da kai. Rufe gilashin mota.

In ka iso gida, kafin ka sa hoto ko ɗaya a Facebook, ɗauki waya ka kira mai masaukinka ka ce kun sauka lafiya, ka ce a gaida mutanen gida. Dattijon nan nawa har yau duk Sallah ina kiransa, kuma duk shekara in wani zai bi hanyar sai na ba da bargo a kai masa.